Takalman da Ke Cikin Wayar Yaya

Yayata guga take yi. Guga kawai, ban da wanki, kuma in ka kuskura ka ce mata mai wanki za ta gyara maka zance ko da kai ka kawo mata aikin. Ɗakinta ɗaya ne da 'yar rumfa a gaba. A rumfar akwai faffaɗan tebur da ta lulluɓe da tsohon bargo, da dutsen guga biyu, na lantarki da na gawayi saboda ranar da aka ɗauke wuta. Duk layin Mai Guga ake ce mata. Ni kaɗai ke ce mata Yaya, ita kuma ta ce mini Ƙarama, har yau da furfura ta fara cin kaina.

Ba ta karatu, ko harafi ɗaya. Ni aka sa makaranta, ita aka bar ta da goyona da tallafar tsohuwarmu. Amma waya kam ta riƙe ta gam, don aikinta ba ya tafiya sai da ita. In za ka ba ta lamba, sai ta miƙo maka wayar ka danna da hannunka. Wajen suna kuwa, duk abin da yatsanta ya faɗa kai shi ne sunanka. Na ga wanda ta sa wa "ggh", na ga wanda ta sa wa alamar tambaya guda uku. Abin da take gane mutum da shi hoto ne, 'yarta ta koya mata yadda ake liƙa wa lamba hoto.

Mata, fuskarsu take ɗauka. Maza kuwa, ina! Yaya ba za ta ɗaga waya ta saita fuskar namiji ba ko za a yanka ta. Sai ta sunkuyar da ita ƙasa ta ce, "Tsaya nan, Malam, kar ka motsa ƙafa." Ƙyas, ta ɗauki takalminsa. Wayar Yaya cike take da takalma: sau-ciki mai sheƙi na wani ma'aikacin ofis, silifas ɗin mai gadi da aka ɗinke da zare, kambas ɗin malamin makaranta. Waya na ƙara za ta leƙa ta ce, "Ga mai kambas nan, rigunansa yake so." Na sha tsokanarta cewa ranar da suka sake takalmi ta shiga uku. Takan ce ai ita ba ta sake hoto.

'Yarta ɗaya tal, shi ya sa muke ce mata Tilo. Uban yarinyar ya bar su tun tana hannu. Ranar tana fama da zazzaɓi a gadon asibiti, ya ce wa Yaya zai je gida ya dawo. Bai dawo ba. Daga baya saƙon saki ya iso a bakin wani. Yaya ba ta yi kuka a gaban kowa ba, ta dai rantse muryarta ba za ta ƙara shiga kunnensa ba har ta koma ga Mahaliccinta. Da dutsen guga ta ciyar da yarinyar, ta yi mata makaranta, ta aurar da ita ga wani mai walda, yaro mai sanyin hali wanda ko ƙuda ba ya iya korewa da ƙarfi.

Haihuwar Tilo ta fari ba ta zo da sauƙi ba. Jaririn bai zauna ba, ita kuma ta zubar da jini sosai, a nan muka san jininta irin mai wuyar samu ne. Nawa bai dace ba, na mijinta bai dace ba, na uwarta ma haka. Yaya ta bi barandar asibitin tana roƙon duk wanda ta gani, har Allah ya haɗa ta da wani direban babbar mota da ya zo duba abokinsa. Aka gwada, ya dace, ya bayar. Da zai tafi ya ce, "Mama, riƙe lambata. Duk ranar da ake so, ki kira ni." Ta ɗauki takalminsa, wani ruwan ƙasa mai maɗauri biyu. Tun da Tilo ta sake samun ciki, nakan ga Yaya ta buɗe hoton nan ta kalla ta rufe, kamar mai leƙa tukunya.

To, wayar ta tsufa. Batirinta ya kumbura har murfin baya ya ɗaga, ta ɗaure ta da roba. Surukin nata ya karɓa da yamma wai zai kai a sake batir. Da ya je wurin mai gyara, sai zuciyarsa ta alheri ta ce masa ya yi musaya kawai, ya ba da tsohuwar ya yi ciko ya karɓo sabuwa, don Mama ta samu ta ɗaukar hoton jikanta. Mai gyara ya kwaso masa lambobi da hotuna ya zuba a sabuwar, ya ce komai ya shiga. Yaron ya kawo ta cikin kwali, bakinsa har kunne.

Yaya ta buɗe wurin lambobi. Babu takalmi ko ɗaya. Kowace lamba an sa mata wani kan mutum mai launin toka, ba ido ba baki, duk iri ɗaya. Ta kalli surukinta yana ta murna, ta ce, "Madalla. Allah ya yi albarka." Sai da ya tafi ta yafa gyale ta zo wurina, ta dungurar mini da wayar a cinya.

"Ƙarama, duba mini. Ina mutanena?"

Na duba. Lambobin suna nan. Takalman ma suna nan, can cikin ma'ajiyar hotuna. Amma an raba su, kowa ya kama gabansa.

Na ce, "Ke ma dai, Yaya! Me ya hana ki gaya masa tun yana tsaye?"

"In gwale yaron mutane? Da kuɗin guminsa?"

"To gobe da safe ni zan gwale shi, ya je ya karɓo miki tsohuwar."

Da safen ba ta wayar muka yi ba. Lokacin Tilo bai yi ba, da saura, amma jini ya ɓalle mata tana tsaye a kicin. Kafin hantsi an shiga da ita ɗakin tiyata. Muka zauna a wani dogon benci na ƙarfe a baranda, ni da Yaya, mijin kuma ya kasa zama, sai kai da komowa yake yi da kayan aikinsa duk tabon wuta. Can aka fito aka ce an ciro namiji, yana da rai. Ba mu gama hamdala ba wata nas gajeruwa mai saurin magana ta sake leƙowa.

"Ina masu Tilo? Jini bai tsaya ba. Leda ɗaya muke da ita irin nata, mun sa mata. Mun aika tambaya wasu wurare, amma kar ku jira mu. Ku nemo mai irin jininta yanzu-yanzu."

Yaya ta zaro waya da sauri, yatsanta ya tafi inda ya saba. Sai kawunan toka. Ta yi sama ta yi ƙasa, su ne dai. Na karɓa na buɗe mata hotuna, muka yi ta wuce takalma, sai ta yi ihu, "Ga shi nan! Shi ne! Kira shi!" Ta fizge wayar ta danna takalmin. Hoton ya ƙara girma. Ta sake dannawa, ya koma ƙarami. Ta danna shi har farcenta ya yi fari.

"Yaya, ba zai kira ba. Hoto ne kawai yanzu."

"Da ma ba hoto ba ne? Ai kullum shi nake dannawa!"

A nan surukin ya gane abin da ya faru. Wallahi na yi niyyar wanke shi tas, bakina har ya buɗe, sai na ga yadda leɓensa ke rawa, na haɗiye. Na ce, "Ruga wurin mai gyara. Ko ya sayar da ita, ka bi wanda ya saya." Ya fita a guje har yana ture wata mai ɗauke da kwanon abinci.

Na ce wa Yaya ta tuna abin da ta danna a matsayin sunan direban. Ta dube ni kamar na zage ta. Ina za ta tuna? Ita da ba ta san bambancin wannan harafi da wancan ba, kuma ranar 'yarta na kwance rai a hannun Allah. Na duba jerin kiran da ta yi a baya ko zai taimaka, wayam, sabuwar waya ba ta san kowa ba. Saura hanya ɗaya. Na koma kan lamba ta farko na danna, na kara mata a kunne. Lambobin sun fi ɗari biyu.

Ni ke dannawa, ita ke saurare. Da mutum ya yi sallama ta gane shi.

"A'a, Mai Guga! Ya maganar zannuwana?"

Ƙit, ta kashe. "Ba shi ba ne. Wuce."

Wata ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Wata a kashe. Wani ya ɗauka ya tsaya jero gaisuwa, ya gida, ya aiki, ya jikin Tilo, har na ji kamar in shiga wayar in shaƙe shi. Duk wadda ba a ɗauka ba sai gabana ya faɗi, don wa ya sani ko ita ce? Muna cikin haka surukin ya kira ta wayata. Muryarsa kaɗai ta ishe ni. Ya samu tsohuwar wayar a cikin gilashin shago, an goge ta tas tun da sassafe, an sake mata batir, tana jiran mai saye.

Nas ɗin ta sake fitowa, wannan karon ba ta tsaya sosai ba.

"Mama, har yanzu? Ba ta da 'yan'uwa? Ubanta fa?"

Yaya ta ce, "Ba ta da uba."

Nas ta koma ciki. Ni kuwa zuciyata ta kawo wuya, don na san abin da nas ba ta sani ba. Uban Tilo tun yana saurayi aka gaya masa a asibiti cewa jininsa ba irin na kowa ba ne, har alfahari yake yi da shi a zaure kamar shi ya ƙera abinsa. A wurinsa Tilo ta gado. Yaya ta san haka tun haihuwar fari, amma ta gwammace ta bi baƙi tana roƙo. Kuma lambarsa tana cikin wayar. Lokacin auren Tilo ya samo lambar Yaya ya kira, ta ji muryarsa ta kashe, sannan ta adana lambar don kar ta ƙara ɗauka bisa kuskure. Hoton da ta liƙa masa kwatar bayan gida ce.

Na ce, "Yaya, tasa ma tana cikin nan."

"Danna ta gaba."

"Yarinyar nan mutuwa za ta yi kina taurin kai!"

Ta juyo ta zuba mini ido. "In kika ƙara ambatonsa, ki tashi ki bar mini asibitin. Direban ya ce in kira shi. Shi zan kira."

Na ji haushinta a lokacin, haushi na gaske, irin wanda ban taɓa ji ba tun muna yara. Amma hannuna bai daina dannawa ba. Rana ta take, barandar ta ɗauki zafi, warin maganin goge ƙasa yana hawa kaina. Duk sanda ƙofar tiyata ta motsa sai mu miƙe tare, sai mu ga mai shara ce ko wani da keken marasa lafiya.

Na iso wata lamba da aka sa wa harafi ɗaya, an maimaita shi har ya cika layi, kamar wanda aka danna da fushi. Jikina ya ba ni. Na danna, na kara mata. Ta ƙara sau biyu, sai wata murya ta tsoho ta yi sallama ta ce, "Wa ke magana?"

Na ga wuyan Yaya ya sandare. Ta kai yatsa ta kashe da kanta.

"Wuce."

Na wuce. Me zan yi?

Ba mu yi nisa ba aka ɗauki wata, ana jin ƙugin inji da iska a bayan mai maganar. Yaya ta miƙe tsaye zumbur. "Ɗana! Kai ne? Mai Guga ce, uwar yarinyar da ka ba jini!" Ya gane ta nan take. Ta gaya masa, kalmomi na tuntuɓe a bakinta. Ya yi salati.

"Mama, wallahi ina kan hanya da kaya, na yi nisa ƙwarai. Ko yanzu na juya motar nan, ba zan iso ba sai gobe. Ki yafe ni, Mama. Ki yafe ni."

Ta ce, "Ba komai, ɗana. Allah ya kiyaye hanya." Ta zauna a hankali, ta ɗora wayar a cinya. Abin da muka kwashe rabin yini muna nema ke nan.

Sai ga likitan da kansa, dogo, idonsa ja don gajiya. Ya ce sun samu sun tsayar da zubar, amma abin da ta rasa ya yi yawa, jikinta na sanyi, kuma inda suka aika babu. Ya ce uwarta ta shigo ta gan ta, minti kaɗan. Na san ma'anar irin wannan kiran, Yaya ma ta sani. Ta shiga. Ni na zauna ina kallon wayar, ina tunanin in kira uban Tilo da kaina in ya so ta tsine mini. Amma me zan ce masa? Ni da na taɓa watsa masa ruwan wanke-wanke a ƙofar gidanmu? Yana jin muryata zai kashe.

Ba ta daɗe ba ta fito. Fuskarta ta yi wani iri, kamar ba jini a tata ita ma.

"Ƙarama, leɓenta ya yi fari fat. Na kira ta ba ta amsa ba." Ta nuna wayar. "Koma baya. Tasa, wadda na kashe."

Na nemo lambar nan mai harafin da ya cika layi na danna. Wannan karon ita ta riƙe wayar, da hannu biyu.

"Wa ke magana ne wai?"

"Ni ce."

Har na zaci ya katse.

"Ke ce?"

"'Yarka tana asibiti. Ta haihu, jini ya ƙare mata. Irin naka ake so. Ban kira ka don komai ba sai wannan." Ta faɗa masa asibitin da ƙofar da zai shigo, muryarta a miƙe kamar tana gaya wa mai kaya ranar da zai zo karɓa.

Ya ce, "Ga ni nan zuwa."

Ta sauke wayar, ta yi wata 'yar dariya marar daɗin ji. "Haka ya ce wancan karon."

Wannan jiran ya fi duk na baya tsanani. Surukin ya dawo ya tsuguna a jikin bango ya haɗa kai da gwiwa. Ni na kafa wa ƙofar shigowa ido. Ban san a wace unguwa mutumin yake ba, ban san ko yana garin ba ma, ba mu tambaya ba. Yaya ba ta kalli ƙofar ba ko sau ɗaya, bakinta kawai ke motsi. Na ce a raina, in bai zo ba, wallahi sai na nemo shi duk inda ya shiga. Aka kira la'asar a wani masallaci can nesa, ba wanda ya iya tashi a cikinmu.

Sai ga wani tsoho siriri ya shigo yana haki, hularsa a hannu, ƙafar wandonsa ɗaya a naɗe alamar daga kan babur ya sauko. Da a hanya na gamu da shi ba zan gane shi ba. Ya tsaya yana waige-waige. Yaya ba ta ɗago ba, ta dai nuna ƙofar ɗakin gwaji da hannu. Na ja shi da kaina na kai shi wurin nas, ban gaishe shi ba, shi ma bai nema ba. Aka gwada. Nas ta fito da gudu-gudu tana cewa a kwantar da shi.

Gab da magariba aka ce Tilo ta buɗe ido. Muka shiga ni da Yaya. Tana kwance, leda na ɗiga a hannunta, leɓen ya fara yin launi. Ta tambayi jaririn, aka ce yana nan lafiya. Sannan ta dubi uwarta.

"Mama, direban ne ya zo?"

Na ɗauka Yaya za ta ce e. Da ta faɗa, ni ba zan ƙaryata ta ba har abada.

Ta ce, "A'a. Ubanki ne."

Tilo ta daɗe tana kallon rufin ɗakin. "Ya tafi?"

"Yana waje."

"Ki ce ya shigo."

Yaya ta gyara mata bargo, ta fita da kanta. Yana zaune a bencin, auduga manne a hannunsa. Ta riƙe masa ƙofa ya shiga, ita ta zauna a inda ya tashi. Na zauna kusa da ita. Ƙofar ba ta rufu sosai ba, muna jin motsinsa yana jan kujera. Sai muryar Tilo, ƙasa-ƙasa, ta ce, "Baba."

Yaya ta runtse ido.

Na ce, "Ya yi miki ciwo, Yaya?"

"Ya yi," in ji ta. "Amma ai kin ji. Da bakinta ta faɗa, tana da rai."